Jiragen Sama Masu Sauka A Ruwa: A Sassauta Takarda, A Tsaurara Tsaro

A ranar 22 ga Agusta, 2024, ministan sufurin jiragen sama na Indiya, Kinjarapu Rammohan Naidu, ya ƙaddamar da sababbin ƙa'idoji na jiragen sama masu tashi da sauka a kan ruwa. Labarin bai yi wani tashe a wajenmu ba. Ni kuwa da na yi ƙuruciyata har na fara furfura a aikin gyaran jirage da duba lafiyarsu, na bi shi sau da ƙafa. Ba kullum ake samun gwamnatin da za ta ga wata sana'a ta ƙi kankama, ta ce bari mu fara da binciken dokarmu ba.

Shekara biyar kafin nan Kanada ma ta gyara tata dokar, amma ita ƙara tsauri ta yi. Wanda ya ji labaran biyu zai ɗauka ɗaya ta yi daidai, ɗaya ta kauce. A ganina hanya guda suka bi. A cikin kowane kundin dokokin jiragen sama akwai ƙa'idar da ke tsare ran fasinja, akwai kuma wadda fayil kawai take cikawa. Indiya ta rage ta biyun, Kanada ta ƙarfafa ta farkon. Gane bambancin waɗannan biyun shi ne dukkan aikin zamanantar da doka, kuma shi nake so mu duba tare.

Yadda doka ta manta da su

Waɗannan jirage iri uku ne. Na farko jirgin sama ne na yau da kullum da aka cire wa tayoyi, aka ɗora shi a kan dogayen ƙafafu biyu masu rami a ciki, siffar kwale-kwale, su ke riƙe shi a saman ruwa. Na biyu cikinsa ne ke zama a ruwa kai tsaye, an ƙera shi irin na jirgin ruwa sannan aka sa masa fikafikai. Na uku yana da tayoyi da ake naɗewa, saboda haka ya sauka a kwalta, ya sauka a kogi.

Ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Henri Fabre shi ya fara tashi daga kan ruwa, ranar 28 ga Maris, 1910, a wani tafki kusa da birnin Marseille. A shekarun 1930, lokacin da filayen jirgi masu kwalta ba su da yawa, manyan jirage masu ciki irin na jirgin ruwa su ne gwanayen doguwar tafiya. Daga 1937 kamfanin Imperial Airways na Birtaniya yana kwasar fasinja da wasiƙu daga Southampton har Durban a Afirka ta Kudu, yana yada zango a kan kogin Nilu a Alƙahira da Khartoum, da kan tafkin Victoria a Kisumu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu irinsu na kamfanin BOAC sun riƙa sauka a ruwan Legas.

Yaƙin ne kuma ya kawo ƙarshen zamaninsu. An shimfiɗa dogayen titunan jirgi a ko'ina saboda sojoji, jirage masu taya suka fi sauri da araha, a 1950 BOAC ya jingine masu sauka a ruwa. A daidai wannan tsakani aka aza harsashin dokokin jiragen sama na duniya, wato yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO mai hedikwata a Montreal. Kundinta na 14, wanda ya tsara yadda filin jirgi zai kasance, yana maganar tsawon titi, ƙarfin kwalta, fitilu, shinge da motocin kashe gobara. Daga baya aka ƙara masa kashi na biyu kan wuraren saukar helikwafta. Tashar da ke kan ruwa ba ta samu nata babin ba.

Sai kowace ƙasa ta yi yadda ta iya. Wasu suka bar abin sakaka. Wasu suka ɗauko dokar babban filin jirgi suka ɗora wa ɗan dandamalin katako a bakin tafki, kamar a sa wa yaro ɗan shekara biyar babbar rigar mahaifinsa a ce ya yi gudu. Sai a babban taron ICAO na 2019 ƙasashe suka zartar da ƙudurin a samar da ƙa'idoji na musamman kan gina tashoshin ruwa, ba su lasisi da tafiyar da su.

Hukuma nawa ke da ta cewa?

Da zarar ƙafafun jirgin sun taɓa ruwa, doka ta mai da shi jirgin ruwa. Ƙa'idojin hana karo a teku na 1972, waɗanda hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ke kula da su, sun lissafa shi cikin jiragen ruwa, sun kuma ɗora masa nauyin nisantar sauran don kada ya tare musu hanya. Dole matuƙinsa ya san wa ke da hanya idan ya haɗu da jirgin masunta, ya san ma'anar alamomin da ke shawagi a mashigi, ya riƙe anga da igiya a cikin jirginsa. Da ya ɗaga sama kuma ya koma hannun masu kula da zirga-zirgar sararin samaniya.

To, a duba wanda yake son buɗe ƙaramar tasha a wani tafki. Hukumar jiragen sama za ta ce sai da izininta. Hukumar hanyoyin ruwa za ta ce ruwan a ƙarƙashinta yake. Idan madatsa ce, masu wutar lantarki ko masu noman rani suna da ta cewa. Ga ma'aikatar muhalli, ga ta kamun kifi, ga jami'an tsaro, ga ƙaramar hukuma. Kowannensu yana da hujja mai kyau, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin ba da amsa ta ƙarshe. Kafin takarda ta biyar ta fito, wa'adin ta farko ya ƙare.

Girka ta ɗanɗana wannan. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 200 da mutane ke zaune a kansu, wuri ne da aka ce don irin wannan jirgi aka yi shi. Kamfanin AirSea Lines ya fara aiki daga tsibirin Corfu a 2004, ya rufe a 2008. Majalisar ƙasar ta yi doka kan tashoshin ruwa a 2013, ta sake yin wata a 2020 don rage tsawon hanyar samun lasisi. Duk tsawon shekarun nan teku na nan, masu yawon buɗe ido na nan, masu son zuba jari na nan. Lasisin tasha ne ya yi wuya.

Ruwa ba kwalta ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a sakar wa kowa mara. Sauka a ruwa na da nata hatsari, sai dai ba irin wanda shinge da motar kashe gobara ke magancewa ba ne.

Titin kwalta yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi yau. Ruwa kuwa kowace sa'a da kamanninsa. Da safe ya kwanta, da rana iska ta taso da igiya, da yamma wani jirgin ruwa ya wuce ya bar tunkuɗa a bayansa. Kututturen itace na iya tahowa a ƙarƙashin ruwa ba a gani. Ga koma da taru na masunta, ga tsibirin yashi da ya fito bayan ruwa ya janye. Jirgin ba shi da birki, kuma iska kullum ƙoƙarinta ta juya hancinsa zuwa inda take fitowa. Kai shi bakin dandamali ba tare da fiffike ya daki wani abu ba, shi kansa darasi ne mai zaman kansa.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, ruwan da ya fi kwanciya yana cikin mafi hatsari. Idan tafki ya yi lif babu ko motsi, sai ya koma madubi, ya nuna sama da gajimare, idon matuƙi ya kasa tantance tazarar da ke tsakaninsa da ruwan. Ko ya ɗauka ya kusa alhali yana can sama, ko ya caka hanci a ruwa yana tsammanin da saura. Maganinsa a horo yake. Ana koya wa matuƙi ya daina dogaro da idonsa, ya daidaita hancin jirgi, ya riƙa sauka sannu a hankali da ƙarfin inji, ya jira har ƙafafun su taɓa ruwa da kansu.

Masu tayoyi kuma nasu tarkon daban. Matuƙin da ya saba da kwalta, hannunsa ya saba fito da taya kafin sauka. A ruwa wannan sabo halaka ne, domin taya na taɓa ruwa jirgin zai kife. Shi ya sa ƙasashe irin su Amurka da Kanada ba su yarda lasisin tuƙa jirgin kwalta ya wadatar ba, sai an ƙara shaidar horo ta musamman a kansa.

Wannan shi ke nuna inda ya kamata doka ta sa ƙarfinta: horon matuƙi, auna zurfin wurin sauka da share shi, iyakar iska da igiyar da za a yarda a tashi a cikinta, kwale-kwalen ceto da ke shirye a kusa, da hasken rana.

Darasin Maldives

Wanda yake son ganin doka da aka ɗinka daidai da jikin sana'ar, ya dubi Maldives, ƙasar Musulmi da ke tekun Indiya, mai ƙananan tsibirai kusan 1,200. Yawancinsu ba su da faɗin da za a shimfiɗa titin jirgi. Baƙo zai sauka a babban filin jirgin Velana kusa da Male, babban birnin ƙasar, daga nan ya shiga ƙaramin jirgi mai sauka a ruwa ya kai shi otal ɗin da ke wani tsibiri mai nisa. Kamfanin Trans Maldivian Airways, wanda ya haɗe da abokin gasarsa Maldivian Air Taxi a 2013, shi ne mafi girma a duniya a wannan fanni, da jirage sama da 50 samfurin Twin Otter ƙirar Kanada. Matuƙansa sun shahara da tuƙi ba takalmi, saboda yini suke tsakanin jirgi da jiƙaƙƙen dandamali.

Hukumar jiragen saman ƙasar ba ta ce sai kowane otal ya gina filin jirgi ba. Ta fitar da nata sharuɗɗan ba da lasisi ga wurin sauka da dandamali mai shawagi, daidai da girman abin. Kowane jirgi na tashi da matuƙa biyu da ma'aikaci na uku, wanda shi ke ɗaure igiya, ya loda kaya, ya kula da fasinja. Sannan akwai ƙa'idar da kuɗi ba sa sayenta: da rana kaɗai ake tashi. Komai tsadar ɗakin da baƙo ya kama, idan jirginsa na ƙasar waje ya iso da la'asar sakaliya, zai kwana kusa da Male ko ya nemi wata hanya, sai gari ya waye. Sun sauƙaƙa abin da ya shafi gini, sun riƙe wuta a abin da ya shafi rai, sana'ar kuma ta zama ƙashin bayan yawon buɗe idon da ƙasar ke ci da shi.

Abin da Indiya ta sassauta

Indiya ta sha gwada wannan sufuri yana mutuwa a hannunta. A Disamban 2010 aka fara shi a tsibiran Andaman, bai ɗore ba. A 2013 jihar Kerala ta ƙaddamar da nata, ya tsaya tun bai je ko'ina ba. Wanda ya fi jan hankali shi ne na 31 ga Oktoba, 2020, ranar da Firayim Minista Narendra Modi da kansa ya buɗe hanya tsakanin kogin Sabarmati a birnin Ahmedabad da katafaren mutum-mutumin Sardar Patel a Kevadia, tazarar kimanin kilomita 200. Jirgin Twin Otter ne da aka yi haya daga Maldives. Da lokacin babban gyara ya yi, babu wurin yi a Ahmedabad, sai da aka mai da shi Maldives. Annobar korona ta zo ta ƙara dagula lamarin, a Afrilun 2021 aikin ya tsaya.

A matsayina na mai gyara, wannan labari ya fi kowane ciwo a wajena. An gina tasha, an yi biki, amma ba a tanadi wurin da za a fito da jirgi daga ruwa a buɗe cikinsa ba, ba a kuma horar da 'yan ƙasa da za su tuƙa shi su gyara shi ba.

Ƙa'idojin 2024 sun taɓa manyan wurare uku. Na ɗaya, an buɗe ƙofa ga ƙananan kamfanonin da ke aikin shata, waɗanda ba su da jadawalin tashi na kullum, kuma aka ba su damar cin tallafin shirin UDAN, wanda gwamnati ta kafa a 2016 don kai jirage ƙananan garuruwa. Na biyu, aka ɗauke musu wajabcin samun cikakken lasisin tashar ruwa, aka rage sharuɗɗan da za a cika. Na uku, aka yarda sabon matuƙin da ya samu lasisin tuƙa jirgin kasuwanci ya wuce kai tsaye neman shaidar sauka a ruwa. Cikin Nuwamban wannan shekarar aka yi gwaje-gwajen tashi, daga Vijayawada zuwa Srisailam a jihar Andhra Pradesh, da kuma daga Kochi zuwa madatsar Mattupetty a Kerala.

Na goyi bayan wannan gyara, da sharaɗi guda. Ɗauke lasisin tasha ba ya ɗauke aikin da lasisin ke yi. Dole dai wani ya auna zurfi, wani ya duba kututture, wani ya tanadi kwale-kwalen ceto. Nauyin ya tashi daga teburin hukuma ya koma wuyan kamfani da gwamnatin jiha. Idan hukuma na da sufetocin da za su je bakin ruwa su gani da idonsu, an ci riba. Idan babu su, an canja wa hatsarin wurin zama ne kawai.

Abin da Kanada ta tsaurara

A yammaci da arewacin Kanada akwai garuruwan da jirgi mai sauka a ruwa shi ne motarsu ta haya. Da shi ake zuwa asibiti, da shi ake kai wasiƙa da kayan abinci. Saboda haka sun fi kowa sanin yadda mutane ke mutuwa a cikinsa.

Ranar 29 ga Nuwamba, 2009, wani jirgi samfurin Beaver ya faɗa ruwa jim kaɗan bayan tashi daga Lyall Harbour a lardin British Columbia. Mutum takwas ne a ciki. Matuƙi da fasinja ɗaya suka tsira, shida suka nutse, har da jaririya. Wasu ƙofofin sun maƙale saboda lanƙwasar jikin jirgin. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar ta bayyana cewa a shekaru 20 da suka gabaci binciken, kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka mutu a jiragen da suka faɗa ruwa suka nutse, ruwa ne ya ci su, ba buguwar ba. Ma'ana, mutum ya tsira daga faɗuwar, ya rasa hanyar fita.

A yi tunanin yadda abin yake. Jirgi ya kife, ƙafafunsa na sama, ɗakin fasinja na ƙasa. Ruwan sanyi ya cika shi cikin daƙiƙu, duhu ya rufe, dama ta koma hagu. Rigar ceto tana cikin jaka a ƙarƙashin kujera, ba mai lokacin lalubo ta. Tun 1994 hukumar binciken ta ba da shawarar a riƙa sa rigar a jiki, ta maimaita a 2011. Sai a 2019 gwamnati ta mai da shawarar doka: a jiragen kasuwanci masu ɗaukar fasinja tara ko ƙasa da haka, kowa zai sa rigar ceto muddin jirgi na kan ruwa ko yana shawagi a samansa, kuma matuƙa za su yi horon fita daga jirgin da ya nutse. Ana ɗaure mutum a kujera cikin wani keji, a kifar da shi a kududdufin ninƙaya, har jikinsa ya haddace matakan: riƙe wuri guda kada ka ɓace, buɗe ƙofa, kwance bel, fita.

Akwai wani ƙaramin bayani a dokar da ke nuna masana ne suka rubuta ta. Rigar dole ta kasance mai hurawa, kuma ba a hura ta sai an fita waje. Rigar soso irin ta jirgin ruwa, ko wadda ke kumbura da kanta idan ta jiƙe, za ta ɗaga mutum ta manna shi a cikin ɗakin da ya cika da ruwa, ya kasa nutsawa ya kai ƙofa. Abin da ke ceton rai a kwale-kwale zai iya kashewa a nan. Shi ya sa ba a kwafo dokar ruwa ko ta sama yadda take, sai an zauna an rubuta wa wannan jirgi tasa.

Abin takaici shi ne shekara 25 da aka ɗauka tsakanin shawara da doka. Jinkirin gyara doka ma yana da nasa mamatan.

Tsufa, gishiri da sabuwar fasaha

Yawancin waɗannan jirage tsofaffi ne. Beaver ya fara tashi a 1947, an daina ƙera shi a 1967, amma har yau yana ɗaukar fasinja. Tsufa ba laifi ba ne a jirgi idan ana kula da shi, sai dai ruwan gishiri ba ya yafiya. Duk wanda ya yi aikin gyara a Legas ko Fatakwal ya san abin da iskar teku kaɗai ke yi wa ƙarfe, balle jirgin da ke wanka a cikinta kullum. Sai an wanke shi da ruwan daɗi bayan aiki, a zuƙe ruwan da ya tsiyaya cikin ƙafafunsa kafin tashi, a riƙa buɗe lungunan da ido ba ya kaiwa.

Ranar 19 ga Disamba, 2005, wani jirgi samfurin Grumman Mallard ƙirar 1947 ya tashi daga ruwan Miami a Amurka, fiffikensa na dama ya ɓalle, mutum 20 suka rasu. Masu bincike sun gano tsagewar da ta daɗe tana ci a cikin fiffiken, suka ɗora laifi a kan tsarin gyaran kamfanin da kuma hukumar da ta kasa gano gazawarsa. A jajibirin sabuwar shekara ta 2018 kuma, wani Beaver ya faɗa ruwa a arewacin Sydney ta Ostireliya, mutum shida suka rasu. Bincike ya nuna hayaƙin inji mai guba, wanda ba shi da wari, ya shiga ɗaki ya gusar da hankalin matuƙin. Masu binciken suka nemi a riƙa sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan hayaƙi. Na'ura ce ƙarama, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Ta ɗaya gefen kuma sabuwar fasaha na ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar 10 ga Disamba, 2019, kamfanin Harbour Air na Vancouver ya tashi da wani tsohon Beaver da aka sa wa injin lantarki. Tafiyoyin kamfanin gajeru ne, sun dace da batir. Amma kundin tantance injin jirgi an rubuta shi ne da injin mai a zuciya, sai da hukumomi suka zauna tsara sababbin sharuɗɗa kan batir, zafinsa da gobararsa. A nan ban ga laifin taka-tsantsan ba. Abin da nake so shi ne hukuma ta tanadi injiniyoyin da suka fahimci fasahar, kada jahilcinta ya zama shi ne dalilin jinkiri.

Ruwa na da masu shi

Abin da ya tsayar da shirin Kerala a 2013 ba inji ba ne, ba kuma lasisi ba. Masunta ne suka tashi tsaye a tafkin Ashtamudi da kewaye, suka ce za a killace musu wurin neman abinci. A gwajin 2024 kuma jami'an gandun daji sun nuna damuwa kan giwayen da ke kiwo kusa da madatsar Mattupetty. Filin jirgi na kwalta ana sayen fili a kewaye shi. Tafki kuwa akwai waɗanda suka gaji kamun kifi a cikinsa kaka da kakanni, akwai masu fito, akwai masu shayar da dabbobi. Dokar da ba ta wajabta zama da su tun kafin a kafa dandamali ba, ta shuka rigima.

Akwai kuma ciyawa da ƙwari da ke maƙalewa a ƙafafun jirgi, ya kwashe su daga wannan tafki zuwa wancan. Wanda ya ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru ba ya bukatar dogon bayani kan illar baƙuwar ciyawa. Duba ƙafafu da wanke su kafin canja ruwa ya cancanci shiga doka.

Mu fa?

Ba zan yaudari kowa ba, wannan jirgi ba zai maye gurbin kwale-kwalen talaka ba. Kujerunsa kaɗan ne, kuɗinsa da yawa. Amma yana da gurbi. Kamfanonin mai sun yi amfani da ƙanana irinsa a rafukan Neja Delta. Muna da ruwan Legas, muna da tafkunan Kainji, Jebba da Shiroro, kuma mun ga yadda ambaliyar 2022 ta datse hanyar Lokoja. Ɗauko majiyyaci daga garin da mota ba ta zuwa, kai likita da magani, sintirin ruwa, duk ayyuka ne da zai iya.

Hukumomin da abin zai shafa suna nan: NCAA mai kula da jiragen sama, wadda ta sabunta kundin ƙa'idojinta a 2023, NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da ke Lokoja, da NIMASA ta ɓangaren teku. Muna ma da wata dama da ba kowace ƙasa ke da ita ba, domin tun dokar 2022 hukuma guda, NSIB, ke da hurumin binciken hatsarin sama da na ruwa. Abin da ya rage shi ne su zauna tun yanzu su amince kan ofishi ɗaya da mai neman izini zai je, da wa'adin ba shi amsa. Su haɗa da jami'an tsaro, domin jirgin da ke iya sauka a kowane tafki dole a san wa ya ɗauko da me ya kai. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta shigo cikin maganar horo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasin Kanada kuwa ba sai mun jira wani jirgin sama ba. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Kafin nan, a Mayun 2021, an yi irin wannan rashi a yankin Warrah na jihar Kebbi. NIWA tana da ƙa'idar sa rigar ceto da hana tafiyar dare, irin ƙa'idoji biyun da ke tsare fasinja a Vancouver da Male. Inda muka gaza shi ne a bakin ruwa, wurin aiwatarwa.

Kirana ga masu rubuta mana doka shi ne, kowane sharaɗi da za su sa, su tambayi kansu ran wa zai tsare. Wanda ba shi da amsa a cire shi, wanda ke da amsa a tura sufeto ya tabbatar ana bin sa. Kai kuma mai karatu, ko jirgin sama ne ko kwale-kwalen fito, kada ka shiga sai rigar ceto tana jikinka, kuma ka duba inda ƙofa take kafin a tashi. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a hanyoyinmu na sama da na ruwa.